Littafin da Ba Wanda Ya Ara

Ku yaran yanzu, kun raina gumi, kun mayar da wayo sana'a. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ɓarawo ko ya sa tabarau. Ku buɗe kunne.

Akwai wani ɗalibin jami'a a shekarar ƙarshe, ana ce masa Sarkin Dabara. An ba shi aikin kammala karatu a kan nazarin waƙa. A ɗakin karatu ya tarar da littattafan sharhi biyu a kanta ɗaya. Ɗaya ya sha hannu, bango ya yage an liƙe. Ɗayan fes, shafukansa ma manne suke, ba wanda ya taɓa ara.

Abokinsa ya ce ya ɗauki yagaggen, shi malamai ke yabo. Sarkin Dabara ya dube shi a kaikaice, ya ce a ransa wannan so yake a kama shi. Dama kwafa ya yi niyya, kuma ba a sata a bakin hanya. Ya ɗauki sabon ya tura ƙasan jaka. Ko abokin ya tambayi ina aka kwana, sai ya ce, "Malam, ji da naka."

Babi guda ya kwashe, bai canza ko wasali ba.

Malamar da ke duba aikin ta karanta, ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Nan take ya fara zargin abokin ne ya kai tsegumi.

"Ɗana, wannan babin naka ne?"

"Nawa ne, Malama. Na sha wuya a kansa."

Ta jawo yagaggen littafin nan daga aljihun tebur, ta ce ya karanta farkonsa da ƙarfi. Layi biyu ya yi, ya ga babinsa ne yake karantawa. Ashe marubucin yagaggen ya kawo shafukan sabon littafin nan ne sukutum don ya nuna kurakuransu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ba mai aron ɗayan. Kowa a sashen ya san su, ban da shi.

Aka soke aikin. Ranar yaye ɗalibai abokinsa ya sa riga da hula, shi kuwa ya maimaita shekara, aikin koyarwar da kawunsa ya nemo masa aka ba wani.

Darasi: Mai neman abin sata ba ya tsayawa ya duba ko ruɓaɓɓe ne. Ku karanta kafin ku zaɓa, ku daina zargin mai ba ku shawara. Ku tura wa duk mai ɗa a makaranta.