Wa Zan Ba Akwatin Tasi'u?

Ku matso kusa, muryata ba ta da ƙarfi tun rasuwar nan. Ba don jaje na tara ku ba. Jaje kun yi, Allah ya ba da lada. Shawara nake nema. Akwai wani ɗan akwati da autana Tasi'u ya bari, dole in miƙa shi ga mutum ɗaya cikin uku, na kuwa rasa wanda zan ba.

Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, don haka yadda aka fahimtar da ni zan faɗa muku. Tasi'u da abokan aikinsa sun ƙera wata 'yar na'ura, ba ta fi sabulun wanki girma ba. Idan an sa bakwaini a kwalba, sai a manna wayarta a jikinsa, tana auna ɗuminsa da numfashinsa tana aika wa kwamfutar da ke teburin nas. In abu ya canza, kwamfutar ta yi ƙara. To, na'ura da kwamfuta ba sa jin yaren juna sai da tafinta. Tafintan nan wani rubutu ne da suke kira direba, kuma Tasi'u ne ya rubuta shi. Ya kai shi cikin babbar manhajar da kwamfutocin ke tashi da ita, wadda suke ce wa kanel. Ya ce mini manhajar nan ba ta kowa ba ce, aikin gayya ne na duniya baki ɗaya. Kowa na iya karantawa, kowa na iya kawo gyara, amma kowane lungu da mai kula da shi. Lungun na'urar jarirai nasa ne.

Na taɓa ce masa, "Wace irin gayya ce wannan da ba a kai wa mutane fura?"

Ya ce, "Inna, ai ke kike kawo furar."

Da damina ta faɗi ya yi hatsarin mota a hanyar Funtuwa, ko asibiti ba a kai da shi ba. Ya bar matarsa Barira da ciki. Da labari ya kai wa manyan gayyar can, suka aiko da ta'aziyya, sannan suka yi abin da suka saba yi: suka cire sunansa daga lungun, suka rubuta cewa direban ya zama maraya. A al'adarsu, direban da ya daɗe a haka ba wanda ya ɗauka, share shi ake yi.

Barira tana cikin takaba naƙuda ta zo mata ba lokaci ba. Ta haifi namiji bakwaini, angona ke nan, in na ɗora shi a tafin hannu da kaɗan yake wucewa. Aka sa shi a kwalba a asibitin garin nan, aka manna masa na'urar ubansa. A daidai kwanakin ne tsawa ta ƙona tsohuwar kwamfutar ɗakin jarirai, aka kawo sabuwa. Sabuwar ba ta tashi da tsohuwar manhaja, sai da sabon zubi. Aka ɗora mata, lambobi suka fito, kowa ya ce alhamdu lillahi.

Na farko cikin ukun shi ne Habila. Tare suka yi sakandare da Tasi'u, a kwano ɗaya suke ci a gidana, ranar Lahadi ce kawai ba na ganinsa sai an tashi coci. Shi ke kula da wutar sola da injinan asibitin. Wata rana da hantsi ina zaune a bakin ɗakin jarirai ya shigo duba batir, sai ya tsaya gaban kwamfutar ya ƙura mata ido.

Ya ce wa nas, "Sista, tun yaushe lambar nan take a haka?"

Ta ce, "Lafiya lau take nunawa, Malam Habila, kai dai ba ka rabo da neman aiki."

Ya ce, "Lafiyar ce ta yi yawa. Numfashin jariri ba ya zama a lamba ɗaya."

Ya zare wayar daga jikin na'urar gaba ɗaya, lambar ba ta motsa ba. Ashe kwamfutar takan daskare a kan lamba ta ƙarshe, tana nuna ƙalau ko da yaro ya daina numfashi. Ba kuma kullum take yi ba, sai ta yini lafiya. Da yamma ya zo gida ya durƙusa ya ce in ara masa akwatin gwajin Tasi'u. Akwatin shi ne na'urar farko da Tasi'u ya ƙera da hannunsa, cikinta a buɗe, da wayoyi birjik waɗanda ake sauraren maganar na'ura da kwamfuta ta cikinsu. Na asibiti duk a rufe suke, kuma suna jikin 'ya'yan mutane, ba a gwaji da su. Akwatin yana ɗakin Tasi'u, ban kuwa taɓa buɗe ɗakin ba tun rasuwar. Na ba shi makulli na juya baya.

Habila ne ya gano cewa abin na faruwa ne in an ɗauke wuta aka koma kan sola, ɗan ƙiftawar nan da fitila ke yi. Masu gayyar a ƙasashensu wuta ba ta ƙiftawa, shi ya sa ba wanda ya gani. Tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa kuwa an yi canje-canje dubbai. Sai ya ɗauki manhajar da ke tsakiyar canje-canjen ya ɗora, ya yi ta kashe wuta yana kunnawa. In ta daskare ya san ɓarnar na rabin baya, in ba ta daskare ba tana rabin gaba. Ya sake raba rabin, ya sake ɗorawa. Kowace ɗorawa sai ya jira kamar dahuwar wake. Matarsa Saratu ta gaji da kai masa abinci shago yana hucewa, ta ce ko dai akwatin nan zai aura. Haka ya yi ta yi har ya kama canji guda ɗaya, ya ce daga nan abin ya fara. Amma ya ce mini, "Inna, iyakata ke nan. Na ga ramin, ban iya cike shi ba."

Na biyu shi ne Laminu, mutumin Maraɗi. Ban san da shi a duniya ba sai da ya kira ni a waya. Ya ce, "Inna, ina haƙuri? Ni da Tasi'u ba mu taɓa gamuwa ba, amma shekaru munka yi muna aiki tare. Ko muryarsa ban sani ba, rubutunsa na sani." Habila ya aika masa abin da ya gano, shi kuwa ya ajiye aikin da yake ci da shi ya zauna yana bin rubutun Tasi'u layi-layi. Ya gano cewa canjin da Habila ya kama ba shi da laifi, fallasa kawai ya yi. Kuskuren yana cikin direban tun asali. In na'ura ta ɓace na ƙiftawar ido, direban kan ci gaba da jiran amsarta har abada. A da sa'a ce take rufe abin. Laminu ya rubuta gyara, su faci suke cewa, kamar na taya. Ba shi da na'ura a hannu, sai ya aiko wa Habila ya gwada, Habila ya ce bai yi ba, ya sake, ya aiko. Har aka samu wanda kwamfutar ta daina daskarewa.

Sai ya sake kirana, muryarsa a sanyaye. Ya ce a ƙa'idarsu, duk mai kawo faci sai ya rubuta a jikinsa wane tsohon aiki yake gyarawa, kuma tsohon aikin da sunan Tasi'u yake. Duniya za ta karanta.

Na ce, "Ɗan nan, yaron yana ƙasa. Ba za ka rufa masa asiri ba?"

Ya ce, "Inna, in na ɓoye, gyaran ba zai kai ga sauran asibitocin da ke kan tsohon zubi ba. Da wannan layin ake gane inda za a kai shi. Na kira ne kada ki ji a bakin wani."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Ya rubuta ɗin. An dai ce gyaran ya isa har wasu garuruwan da ban san sunansu ba.

Ta uku ita ce Malama Zulai, wadda ta koyar da Tasi'u a kwalejin fasaha, ita ta fara shigar da shi gayyar. A wurinsu ba a karɓar facin mutum sai wani masani ya duba ya sa sunansa a ƙasa, kuma manyan can sun san ta, sun yarda da idonta. Ta karanta facin Laminu ta ce ba za ta sa suna ba, kada kuma a ɗora shi a ɗakin jarirai. Habila ya roƙa, Laminu ya yi fushi. A lokacin nas biyu ne ke zagaya kwalabe suna taɓa yara da hannu, ga masu haihuwa na jira, Barira ta rame kamar ba ita ba. Na ɗauki mayafi na hau mota na same ta a ofis.

Na ce, "Malama, kin taɓa haihuwa?"

Ta ce, "Na haifa, Inna, na kuma binne."

Na ce, "To me kike jira? An ce abu ya gyaru."

Ta ce, "Daskarewa ta gyaru. Amma facin nan cewa ya yi in na'ura ta ɓace, kwamfuta ta yi shiru ta jira dawowarta. In ba ta dawo ba fa? Ni so nake ta yi ihu. Ki zage ni in kin ga dama, gara ki zage ni yau."

Na kuwa faɗa mata maganganu marasa daɗi, ta zuba mini ruwa a kofi ta raka ni bakin titi. Jinkirin nan bai tafi a banza ba, gaskiya a faɗe ta. A cikinsa akwai ranar da jikin angona ya yi sanyi ba a lura da wuri ba, sai da likita ya yi da gaske. Ran nan da na ga Malama Zulai da ban san abin da zan yi ba. Amma ta tsaya a kan bakanta, ta nuna wa Laminu inda zai sake, ya sake, Habila ya gwada, sannan ta sa sunanta. Ita ce kuma ta tsaya gaban manyan gayyar tana amsa tambayoyinsu har suka karɓa, don in ba su karɓa ba, duk ranar da aka sabunta kwamfutar gyaran ya tafi.

Ba a daɗe da ɗora facin a ɗakin jarirai ba, wata rana da azahar aka ɗauke wuta. Sola ta karɓa, amma layin da ke ba kwalbar angona ya ƙi dawowa, kwalba da na'ura duk suka mutu tare. Nas tana ɗakin haihuwa, Barira ta fita alwala, ni ina gyangyaɗi a benci. Sai kwamfutar ta kwarma ƙara har masu gadi suka ji. Aka ruga aka ciro shi aka ɗora a ƙirjin uwarsa aka lulluɓe, kafin Habila ya zo ya haɗa layin. Ga shi nan yau a bayan Barira, kuna jin yadda yake tsala kuka, ko sadakina bai gama biya ba ya fara mulki.

Yanzu manyan can sun ce za su cire kalmar maraya, amma suna son sunan wanda akwatin gwajin ke hannunsa, don shi za a riƙa tambaya duk lokacin da aka yi canji. Akwatin ɗaya ne. Su ukun sun zo gidan nan, har Laminu ya tsallako iyaka, ranar na fara ganin fuskarsa. Kowa ya sunkuyar da kai suka ce Inna ce za ta zaɓa.

In na ba Habila, akwatin na kusa da jariran, kuma ba don idonsa ba da har yau muna kallon lambar ƙarya muna godiya. Amma da bakinsa ya ce bai iya rubuta gyara ba. In na ba Laminu, na ba wanda ya san rubutun ɗana fiye da kowa a raye, wanda ya iya faɗin gaskiya a kan abokinsa ko da uwar abokin na kuka. Sai dai akwatin zai bar ƙasar, kuma ni zuciyata ba ta gama hucewa ba, ban sani ba ko wannan dalili ne ko son rai. In na ba Malama Zulai, na ba wadda ba a lanƙwasa ta da roƙo, wadda taurin kanta ya sa aka ji ƙarar nan da azahar. Amma taurin kan nan ya kusa cin yaron tun kafin ranar, ga ɗalibai sun yi mata yawa, kuma ita dubawa take yi, ba ita ta gano ba, ba ita ta rubuta ba.

Wasu bakwainin na nan tafe, iyayensu ba su ma san da zancen nan ba. To, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: a cikin ukun nan, wa zan miƙa wa akwatin?