Taku Ashirin Da Alhaji Manu Ya Ƙi Yi

Bayani uku na ji game da rasuwar Alhaji Manu Tsafe. 'Yan kasuwar hatsi sun ce likita ne ya yi kuskure. Dangi sun ce kwana ne ya ƙare, wanda gaskiya ne, sai dai bai faɗi sanadi ba. Ni na riƙi bayanin Sista Deborah, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, domin ta rubuta komai da ranarsa da sa'arsa, kuma da na gwada da abin da ke littafina na ajiye bayanan kullum ban sami saɓani ba. Marigayin mijin ƙanwata Saude ne.

Alhaji Manu dillalin hatsi ne, mai kyauta, mai jama'a. Aibinsa guda: ba ya yarda a gan shi cikin rauni. Ko zazzaɓi yake yi, sai ya naɗa rawani kafin a yi masa sallama.

Ranar Litinin, 12 ga Mayu, 2025, aka yi masa aikin mafitsara a wani asibiti a Gusau. Aikin ya yi kyau. Aka bar masa robar fitsari da ledarta rataye a gefen gado.

Ranar Talata da hantsi Sista Deborah ta zo.

"Baba, yau za mu taka. Taku ashirin, daga nan zuwa taga, sau uku a wuni. Wanda aka yi wa aiki in ya daɗe kwance, jini kan daskare a jijiyar ƙafarsa. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ba ya sallama."

Alhaji ya dubi baranda. 'Yan dubiya sun cika ta, daga Tsafe da Bungudu da Rawayya.

"Ɗiyata, ni in ratsa mutanen ga riƙe da leda kamar mai tallan zoɓo? Bari su watse."

Aka yi dariya. Ba su kuwa watse ba. Wasu na tashi, wasu na sauka.

A gadon kusa akwai Bitrus, wani kafinta da aka yi wa irin aikin. Shi kullum sai ya ɗauki ledarsa ya kama hanyar taga, yana cije leɓe.

"Bitrus, yau an yi ciniki?" in ji Alhaji.

"Taso mu kasa tare, Alhaji, kasuwar ba ta cika ba."

Ranar Laraba likita da kansa ya yi masa magana, Alhaji ya ce gobe. Sista ta same ni a baranda, ta roƙe ni in sallami baƙi na rabin sa'a, ita kuma za ta rufe ledar da zane. Na ce mata, "Sista, dattijo ne, a bar shi ya huta." Wannan magana tawa ce, kuma ban goge ta daga littafina ba.

Ranar Alhamis ƙwaurinsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi. Ya sa Saude ta shafa masa man zafi ta ja bargo. "Kar ki hwaɗi," ya ce, "in Sista ta ji, tattaki za ta sa ni." Da Sista ta nemi duba ƙafafun, ya ce ba a yaye masa bargo gaban jama'a. Ta rubuta: ya ƙi. Kalmar ta fito sau goma sha ɗaya a takardarta.

Ranar Juma'a aka sallami Bitrus.

Ranar Asabar da ƙarfe goma aka cire robar. Alhaji ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya miƙe yana murmushi.

"To ɗiyata, yanzu ko Tsahe kika ce, da ƙafa zan tahi."

Na ƙirga takunsa: bakwai. A na takwas ya dafe ƙirji ya ce mini, "Malam Idris, numfashi." Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in ya cika. Sai a lokacin Saude ta nuna musu ƙwaurin, tana kuka.

Mai karatu, ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi. Aikin likita ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Saura yana hannun majiyyaci da danginsa. In an ce ka taka, ka taka, ko da wa ke kallo. Kumburi ko zafi, kada ka ɓoye. Mai dubiya kuma ya gaida ya tashi. Kunyar ciwo ba mutunci ba ce. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe mana.

Waɗanda ke wurin: Saude, matarsa, Tajuddeen, babban ɗansa, Bashar Wonaka, abokin kasuwancinsa, Sista Deborah Nathaniel, da ni, Idris Yari Bungudu, wanda ya ce a bar shi ya huta.