Bindigar da Aka Saita a Kan Ƙarfe

Akwai wani shugaban masu gadin gandun daji da ake yi wa laƙabi da Ba-Kuskure. Shekara goma sha tara yana riƙe da bindiga, kuma bisa ƙa'idar aikinsu, duk wanda ya faɗi jarrabawar harbi ta shekara, karɓe bindigarsa ake yi, a mayar da shi gadin ƙofa.

Ana jibi jarrabawa, ya je filin gwaji domin ya saita sabon madubin bindigarsa. Ya ɗora bututunta a kan ƙarfen shinge, yana harbi yana murɗa saiti.

Sai ga tsohon da ke kula da ɗakin makamai da buhun yashi a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe yana sa bakin bindiga tsalle, harsashi ya yi sama. Ɗora katakonta a kan buhun nan, tunda a kansa za a gwada ku."

"Kawu, aikinka shafa mai da kulle ƙofa. Yaushe rabonka da jan kunama? Kwashe min matashin nan, ba barci na zo yi ba."

Ranar jarrabawa, ya kwanta bayan buhun yashi, ya saki harsashi biyar. Duka suka taru wuri guda, amma taƙi guda ƙasa da baƙar da'irar da ake auna.

Idanunsa suka kaɗa suka yi jawur. Ya cakumi wuyan rigar tsohon a gaban ma'aikatansa.

"Kai ka taɓa min saiti, munafukin tsoho. Don na ƙi buhunka?"

Mai jarrabawa ya matso, ya dubi Ba-Kuskure. "A kan me ka saita ta?"



"A kan shinge, yallaɓai," in ji wani mai gadi. "Muna tsaye."

Mai jarrabawa ya ce wa Ba-Kuskure, "To, hannunka bai yi rawa ba. Tsallen ƙarfe ka gyara, yau kuwa babu ƙarfe. Saki dattijon nan, ka miƙa masa bindigar."

Tsohon ya gyara wuyan rigarsa, ya karɓa da hannu biyu.

"Ƙofar gabas ce taka, ranka ya daɗe. Rana tana dukanta, ka zo da hula."

Darasi: Ƙwarewar da ta toshe kunnenta jahilci ce sanye da kaki. Duk abin da ka daidaita a kan gurɓataccen majingini, ranar gwaji zai kunyata ka, kuma laifin naka ne, ba na wanda ka wulaƙanta ba. Ku isar da wannan ga duk mai muƙamin da ya fi ƙarfin gyara.