Basir Ai Ba Ciwo Ba Ne

Ku gyara zama, akwai wata shari'a da ta gagari gidan da ta taso, nake so ku taya su yankewa. Jaririya ce guda ɗaya, suna ɗaya za a raɗa mata, amma matan da ake cewa sun cancanci a yi musu takwara su uku ne. Ga yadda abin ya faro.

Malam Hambali mai sayar da kayan injin niƙa ne a Funtuwa. Ya haura hamsin bai taɓa kwana a gadon asibiti ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. In aka gaishe shi aka tambayi lafiya, "lau" ɗinsa har tsallaken titi ake jin ta. Gaskiya ne yana fama da basir, yana ma ajiye da gorar magani a ƙarƙashin kanta, irin wanda ake tallansa da lasifika a bayan mota. Amma basir ai ba ciwo ba ne. A layinsu kaf, tun daga mai walda har mai shayi, babu wanda ba shi da shi. Wanda ya ce ba shi da shi ma kallon maƙaryaci ake yi masa.

Mace ta farko ita ce Barira, 'yar wani amininsa da ya rasu. Ta gama karatu ta samu aiki a wani kamfanin inshorar rai, irin na takaful, inda jama'a ke zubi a asusu ɗaya, duk wanda ya rasu a tallafa wa iyalinsa daga ciki. Aikinta ta kawo mutane, kuma kowane kai ta kawo tana da la'ada. Ranar da ta fara yi masa bayani, Malam Hambali ya saki baki yana kallonta har ta kai aya.

"Barira, ni kika zo wa da fatan mutuwa? A shagona? Da sanyin safiya, ko cinikin fari ban yi ba?"

"Baba, ba fata ba ne, tanadi ne."

"Allah Ya jiƙan mahaifinki, bai ga wannan rana ba."

Ta ce amin, ta tafi, ta dawo. Ta dawo da damina, ta dawo da kaka. Ta zama kamar ɗaya daga cikin kayan shagon, har masu sayen bel da dutsen niƙa suka riƙa tambayarta farashi. Ana nan sai matarsa Asabe ta samu juna biyu, bayan kowa ya ɗauka an rufe wannan babi. Barira ta zo ta zauna a bencinta, ta ce, "Baba, wanda Inna Asabe ke ɗauke da shi, ranar da zai gama sakandare shekarunka nawa?" Abin ya girgiza shi ta fuska biyu. Na farko, yarinyar da aka haifa a gabansa ta dubi idonsa ta ambaci cikin matarsa. Na biyu, ya yi lissafin a zuci, amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ya kore ta. Washegari ya aika a kira ta.

Shi a zatonsa biya zai yi a miƙo masa takarda, kamar lasin mota. Ashe mutanen nan sai sun san wa za su ɗauka. Suka tambayi shekarunsa da sana'arsa, ko yana shan taba, ko yana yawan doguwar tafiya, ko yana hawa babur. Suka tambaya ko yana da wani ciwo, ya ce babu, kuma har ga Allah bai yi ƙarya ba a ganinsa. Suka tambayi iyaye da 'yan'uwa. Mahaifinsa ya rasu bai kai sittin ba, haka ma Mudi, wan Malam Hambali. Me ya yi sanadi? Ya ce ajali. Barira ta rubuta ajali, sau biyu, da kyakkyawan rubutu. Daga nan aka tura shi asibiti aka auna tsawonsa da nauyinsa, aka duba hawan jini da suga da fitsari. Komai ya fita fes, sai dai an ce jininsa ya yi ƙasa kaɗan. Ya ce ai dole, tunda sun zuƙe rabinsa a sirinji kafin su auna.

Mace ta biyu ita ce Malama Saratu, wadda Malam Hambali bai taɓa ganin fuskarta ba har yau. Tana zaune a babban ofishin kamfanin a Kaduna, ita ce mai tantancewa. Aikinta, in za a faɗe shi ba tare da kwalliya ba, shi ne ta hango wanda ke gab da tafiya don kada asusun jama'a ya yi asara a kansa. Wanda ta ga lafiyarsa ƙalau ta sa hannu a ba shi takarda. Wanda ta ga yana da ɗan tangarɗa ta ƙara masa kuɗin zubi. Wanda ta ga abin ya yi yawa ta ba shi haƙuri cikin ladabi. Da takardun Malam Hambali suka iso teburinta, ta ga maza biyu a gida ɗaya sun tafi da sauran ƙarfinsu, ga na uku jininsa na raguwa ba a san inda yake zuwa ba, sai ta ajiye biro ta ɗauki waya.

"Malam Hambali, me ya yi sanadin rasuwar mahaifinka?"

"Ajali."

"Na'am, Malam. Mu ma duk shi muke jira. Ina nufin ta wace hanya ya biyo?"

Malam Hambali ya cire wayar daga kunnensa ya dube ta, kamar ita ta yi maganar. Tun da yake a duniya bai taɓa jin an tambayi ɗa abin da ya kashe ubansa ba. Mutum ya rasu, kwanansa ya ƙare, a yi masa addu'a a tashi. Ya ce, "Baiwar Allah, a gidanku haka ake yi?" Ta ce a gidansu ba a yi, amma a ofis ana yi, kuma ba za ta sa hannu ba sai an samo wanda ya yi jinyarsu ya faɗi abin da ya gani. Barira ta fi shi jin haushi, don la'adarta ce ta maƙale. Ta ce matar nan haka take, ko jariri aka kawo mata sai ta tambayi tarihin kakansa.

Mace ta uku ita ce Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai zaman kanta a wani ƙauye ta wajen Bakori. Ita ta yi jinyar mahaifinsa, ita ta yi ta Mudi. Malam Hambali ya ɗauki Barira suka tafi, ba don neman gaskiya ba, sai don Gwaggo ta ce "ajali" da bakinta a rufe bakin matar Kaduna. Suka gaisa, ta kawo fura. Ya faɗi abin da ke tafe da su yana dariya, yana jiran ta taya shi mamakin rashin ta-ido irin na mutanen ofis.

Gwaggo Hanne ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana dubansa: yadda ya zauna a gefe ɗaya na tabarma, yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sannan ta ce wa Barira ta ɗan ba su wuri.

"Hambali, kai ma ka fara ganin jini?"

Ludayin da ke hannunsa ya tsaya tsakanin ƙwarya da baki. Ko Asabe bai taɓa gaya wa ba.

"Gwaggo, basir ne kawai."

"Haka ubanka ya ce. Haka Mudi ya ce. Haka baffanka Tsalha ya ce, kana goye lokacin, ba ka san shi ba. Da jini ake farawa, sai rama, sai ciki ya ɗaure. Ni na wanke tsummokaransu duka ukun. Babu saiwar da ban dafa ba."

Ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya taɓa tambayata? Kuma ciwon wurin da ba a ambato, na maza, yayyena da ɗansu, ta ina zan fara?"

Ta kira Barira ta dawo, ta ce a buga wa matar Kaduna. Tsohuwar da ba ta iya faɗin sunan mijinta ba har ya mutu, ranar ta zauna ta zayyana wa baƙuwar murya abin da ta gani a jikin 'yan'uwanta, ba ta rage komai ba.

Malama Saratu ta ce magana ta canja. Kafin kamfani ya ce uffan, sai an leƙa hanjinsa da na'ura. Da likita ya yi masa bayanin na'urar, wata siririyar roba ce mai fitila da ido a baki, Malam Hambali ya ce to, ai ba komai, zai haɗiye. Likita ya ce ba ta nan take shiga ba. Malam Hambali ya yi salati ya miƙe ya ɗauki hularsa. Abu biyu suka dawo da shi. Gwaggo Hanne ta aiko cewa in bai je ba kada ya zo jana'izarta, shi kuma yana so ya nuna wa matar Kaduna cewa ƙarya take yi.

Ba ƙarya take yi ba. An samu tsiro a hanji, irin wanda ake kira ciwon daji, amma bai riga ya yaɗu ba. Likita ya ce da an ƙara shekara ana shan abin da ke cikin gorar nan, da sai dai a yi masa addu'a. Ya kuma ce wannan ciwo yana bin jini a wasu gidaje, don haka 'ya'yan Mudi da nasa manya su zo a duba su. Malam Hambali bai ji rabin bayanin ba. Abin da ke yawo a kansa shi ne, shekara da shekaru yana tsallake kabarinsa yana amsa "lafiya lau".

Da za a shiga da shi tiyata ya kama hannun Asabe, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce a shaida: in Allah Ya tashe shi, kuma abin da ke cikinta ya zo mace, sunan matar da ta ceci ransa za a sa mata. Bai faɗi wace ba. A lokacin yana ganin abin a fili yake, ko da yake daga baya ya kasa tuna wadda yake nufi.

Allah Ya tashe shi. Yana kwance yana murmurewa amsar kamfani ta iso. Sun yi masa fatan samun sauƙi, sun kuma ba shi haƙuri: ba za su iya ɗaukarsa yanzu ba, sai ya yi wasu shekaru ciwon bai dawo ba, sannan a sake dubawa. Malama Saratu ce ta sa hannu. Barira ba ta samu la'ada ba. Asabe kuwa ta sauka lafiya, mace.

Nan gardama ta tashi. Likita dai ba ya ciki, don namiji ne, kuma an biya shi.

Masu goyon bayan Barira suka ce ba don nacinta ba, da babu tambayar da za a yi, babu jinin da za a auna, da Malam Hambali na nan a shago yana kurɓar gorarsa har ranar da za a rufe shagon. An zage ta, an kore ta, ta dawo. Masu suka suka ce la'ada ta dawo da ita, kuma da ta ita aka bi, da an karɓi "ajali" an ba shi takarda, ya mutu da inshorarsa a aljihu.

Masu goyon bayan Saratu suka ce ita kaɗai ce ta ƙi karɓar amsar da kowa ke karɓa tun kaka da kakanni. Ta yi tambayar da ba a yi, ta sha baƙar magana, ba ta janye ba, kuma ita ta ce a leƙa inda ciwon yake. Masu suka suka ce asusun kamfani take karewa, ba ransa ba. Shaida kuwa, da ta gano abin da take nema, ita ce ta rufe masa ƙofa da hannunta.

Masu goyon bayan Gwaggo Hanne suka ce tambaya ba ta warkar da kowa sai an samu mai amsa. Ita ta gane ciwon daga yadda ya zauna a tabarma, ita ta ajiye kunyar shekara da shekaru ta tona asirin yayyenta don ɗansu ya rayu, ita kaɗai ce kuma ba ta da albashi a cikin maganar. Masu suka suka ce abin da ta faɗa ranar ta san shi tun Mudi na da rai, kuma Mudi yana ƙasa.

Wani mai son sulhu ya ce a sa wa wannan sunan ɗaya, a jira wasu 'ya'ya mata biyu su zo nan gaba. Asabe ta aiko daga ɗaki cewa wanda ya kawo shawarar shi zai haife su.

Yanzu haka rago na ɗaure a ƙofar gida, an raba goro, liman ya aiko yana tambayar sunan da zai raɗa. Malam Hambali na zaune a zaure da ɗinki a ciki. Duk sunan da ya ɗauko, sai ya tuna cewa ba don sauran biyun ba da yanzu marainiya ake shirin yi wa suna.

To jama'a, alkawari dai an yi shi gaban shaidu, jaririya kuma ɗaya ce. Barira, Saratu ko Hanne: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?