Numfashin 'Yar Tela

Shehinmu, Allah ya ƙara masa yarda, kogi ne a ilimi, mai tsentseni da zuhudu, harshensa ba ya rabuwa da ambaton Ubangiji.

Babban ɗalibinsa ya tsufa a gabansa, amma abu guda ke ci masa rai: wata yarinya, 'yar telan unguwa, wadda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, gaɓoɓinta a sandare, wuyanta na fizga ba da sonta ba. Duk ranar da uban ya kawo ta, Shehi kan katse darasi ya zauna kusa da ita. Ɗalibin kuwa sai kishi ya turnuƙe shi. Shi da ya haddace littattafai, ko kallon kirki bai samu ba!

Wani hantsi ana tsakiyar karatu, ba wanda ya shigo da labari, Shehi ya rufe littafi ya dubi ɗalibin. "Tashi ka je shagon tela. Ka riƙe kan yarinyar, kada a saɓa ta a kafaɗa."

Ya tafi yana guna-guni, wai yau shi ne ɗan aike. Ya tarar tela a ruɗe zai ɗora ta bisa babur, leɓɓanta sun yi baƙi, numfashinta na fita da ƙyar.

"Maigida, dakata! Kwantar da ita!"

Ɗalibin ya tallafe kanta da tafukansa, aka shimfiɗe ta a allon teburin yankan yadi, bai saki ba har asibiti. Likita ya ce yawan fizgar ne ya sa ƙashin wuya ya danne lakar da ke tafiyar da numfashi, girgiza ɗaya a hanya da shi ke nan. Aka yi mata aiki, na'urar numfashi ta riƙe ta makonni, daga baya ta ja numfashi da kanta.

Ko a nan zuciyarsa ba ta huce ba, don Shehi 'yar tela kawai yake tambaya. Ya kasa daurewa: "Allah gafarta Malam, da me ta fi ni?"

Shehi ya ce, "Kowane numfashi da wahala take jansa, kuma tana gode wa Allah. Kai naka kyauta ne, kana ƙarar da shi a ƙorafi."

Tsarki ya tabbata ga wanda ya buɗe wa bayinsa salihai abin da ya ɓoyu. Ya Allah, ka lulluɓe mu da albarkar Shehi, ka wanke zukatanmu daga hassada. Amin.