Kurege a Kujerar Mutum Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, Kaka.

Da can Zaki kaɗai ke mulkin dawa. Da ya mutu, sai rikici ya tashi: na rami suka ce nasu ne, na ruwa suka ce nasu ne, na sama ma haka. Aka yi ta faɗa har aka gaji. Sai aka sassaƙa doguwar kujera, aka ce shugabanni uku za su zauna tare, su ci tare. Haka aka yi ta yi, har zamanin Kurege da Kunkuru da Hankaka.

Wata rana aka ce baƙi na tafe da gaisuwar gyaɗa. Kurege ya ce, "Yaya Kunkuru, ta rafi za su ɓullo, je ka tarye su." Ya ce wa Hankaka, "Ta dutse za su ɓullo, je ka tarye su."

Baƙi kuwa ta hanya suka zo, Gwaggon Biri ne jagoransu. Kurege ya baje a kujera, ya ci gyaɗa, ya ci gyaɗa, har ya ga gindin kwando.

Gwaggon Biri ya ce, "Ranka ya daɗe, ina sauran biyun?"

"Ni ne su, su ne ni."

"Madalla. Dama ƙara muka kawo. Mutanenku sun cinye mana gona, kowane shugaba zai sha bulala. Tunda kai ne duka, kwanta ka karɓi ta mutum uku."

Kurege ya gyara zama. Ya yi tari, ya ce, "A ƙasar nan ba a hukunci sai mu uku mun amince. Yanzu na tambaya, biyu daga cikina sun ƙi."

Baƙi suka fashe da dariya har bulala ta faɗi. Ana cikin haka sai ga Kunkuru sharkaf da laka, ga Hankaka yana haki.

Kunkuru ya dubi kwando, ya dubi tumbin Kurege, ya ce a hankali, "Ƙanena, ai da ka roƙa, da na bar maka rabona."

Wannan ta fi bulala zafi. Kurege ya rasa inda zai sa idonsa. Ya sulale ya faɗa rami, ya kwana biyu ko leƙe bai yi ba. Har yau in ya fito, sai ya miƙe tsaye ya duba ko akwai wanda ya tuna.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In za ku cinye rabon mutum uku, yara, ku fara tambayar abin da ya kawo baƙin.