Bishop da Kwanon Alkamar Gwauruwa

Akwai wani bishop a ƙasar Romaniyawa, a zamanin da ake gyaran ikilisiya a Turai. Ɗan makiyayi ne. Ya tashi yana jin ana sujada da wani tsohon harshe wanda ko masu karanta shi haddacewa kawai suka yi. Abin ya ci masa rai. Shekara bakwai ya yi yana juya Bishara zuwa harshen mutanensa, har idonsa ya raunana. Burinsa ɗaya ne, su ji Maganar Allah su gane.

Sarkin ƙasar, wanda ba ɗan ƙabilarsu ba ne, ya naɗa shi bishop, ya haɗa shi da sojoji. Shi kuwa bai ƙi ba.

Wata Lahadi ya isa wani ƙauye a kan dutse. Al'adar mutanen nan ita ce, in mamaci ya cika kwana arba'in, sai iyalinsa su dafa alkama da zuma, su kawo majami'a, a yi addu'a, kowa ya ɗanɗana. A ranar wata gwauruwa mai suna Ilinka ta kawo nata kwanon saboda mijinta.

Bishop ya ce, "Wannan ba ya cikin Littafi." Gaskiya ya faɗa, ba ya ciki. Ya yi wa soja ishara, sojan ya fita da kwanon ya kifar a bakin ƙofa.

Sa'an nan bishop ya buɗe littafinsa, ya karanta wurin da aka yi wa masu makoki alkawarin ta'aziyya. Karo na farko ke nan da suka ji Bishara da harshensu, kowa kuwa ya gane.

Ilinka ta ce, "Baba, dā ba na fahimtar karatun, ina ɗora wa kunnena laifi. Yau na ji sarai. Mai wannan magana ba shi ya aiko ka ba."

Ta fita tana tsince alkamarta daga ƙasa, jama'a suka bi ta. Littafin da ya bar musu suka naɗe a ƙyalle, ba wanda ya ƙara buɗewa. Har bishop ya mutu, jikokinsu suna sujada da harshen da ba su sani ba. Garin neman gira ya rasa ido.

To, ga ma'anar misalin. Littafin shi ne gaskiyar da aka danƙa mana. Sojojin su ne muƙami da izgili da muke jingina da su in haƙuri ya ƙare. Kwanon kuwa shi ne ɗan abin da mai baƙin ciki yake riƙe da shi kafin ya san wanda ya fi. Ina faɗa da ɗacin rai, akwai irin bishop ɗin nan a cikinmu: kai da ka kunyata tsohuwarka a gaban jama'a da aya a bakinka, ka koma gida kana murna ka yi nasara. A ranar shari'a ba gardamar da ka ci za a tambaye ka ba. Za a tambaye ka mutum nawa suka rufe Littafi saboda kai.